Hadari da Ɗaukewar Hoton Dish: Zargin da Ba Shi da Tushe

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, sai wata tsohuwar magana ta sake zagaya majalisu da gidajen kallon ƙwallo, cewa kamfanonin talabijin na tauraron ɗan'adam su ne suke yanke sigina da gangan idan hadari ya haɗo, domin kwanakin da mutum ya biya wa kuɗi su wuce bai kalli komai ba. Waɗanda ba su gamsu da wannan zance ba kuwa sai su ɗora wa dikoda laifi, su yi ta bubbuga ta, ko su goge saitinta baki ɗaya, ko kuma, abin da ya fi muni, a kafa tsani a tura yaro kan rufin kwano cikin iska da walƙiya wai ya ɗan juya dish. Duk wannan ya samo asali ne daga rashin sanin hanyar da hoto yake bi kafin ya iso allon talabijin, kuma abin takaicin shi ne yadda ake sayar da rai a kan matsalar da take warware kanta cikin 'yan mintoci.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Tashar da ke ƙasa tana harba shirye-shirye zuwa tauraron da yake nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya kudu da arewa, inda yake kammala zagaye ɗaya a daidai lokacin da ƙasa take kammala juyi ɗaya, don haka kullum ake samunsa a wuri guda. Tauraron yana dawo da siginar ƙasa, faifan dish ya tattara ta ya haska ta kan 'yar na'urar da ke ƙarshen hannunsa, wadda ake kira LNB, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta tura ta cikin waya zuwa dikoda. Kowane tauraro yana da mazauninsa da ake ƙidayawa da digiri: shirye-shiryen DStv a Afirka ta Yamma suna zuwa ne daga tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas, Nilesat na Masar yana digiri 7 yamma, shi kuwa NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, yana digiri 42.5 gabas.

Abu na farko da ya rushe zargin yanke sigina shi ne cewa dish na gida karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai sama, saboda haka ba ta inda kamfani zai san ana ruwa a kan wani rufi a Fagge ko a Damagaram. Ko da ma ya sani, tauraron ba ya aika wa kowane gida tasa siginar daban. Sigina ɗaya yake shimfiɗawa a kan ƙasashe da dama a lokaci guda, kuma ba shi da maɓallin da zai cire unguwa ɗaya ya bar maƙwabciyarta. Wanda hotonsa ya ɗauke a Kano cikin hadari, in ya buga waya Abuja ko Maiduguri inda gari yake garau, zai tarar ana kallon tashar lafiya lau. Haka nan tashoshin kyauta, waɗanda ba mai biyan ko kwabo a kansu, su ma suna ɗaukewa idan ruwa ya yi ƙarfi, kuma har yau masu yaɗa zargin ba su faɗi kuɗin wa ake ci a nan ba. Iyakar abin da kamfani yake iya yi daga nesa shi ne ya rufe katin wanda biyansa ya ƙare, wannan kuwa alamarsa daban take: a dikodar DStv, lambar E16 tana nufin an rufe tashar ga wannan kati, E48-32 kuma tana nufin siginar ce ba ta iso ba. Mutumin da bai tsaya ya karanta abin da ke rubuce a gabansa ba, bai kamata a ce shi ne yake ba jama'a fatawa ba.

Ruwan da kansa shi ne yake tare siginar. Yawancin ƙananan dish suna aiki da zangon da ake kira Ku, wanda mitarsa, wato yawan kaɗawar igiyarsa a daƙiƙa, take tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, tsawon igiyar kuwa kusan santimita biyu da rabi ne kacal. Manyan ɗigon ruwa irin na hadarin ƙasashe masu zafi suna tsotse wani ɓangare na wannan igiya su warwatsa wani, ga shi dama ta iso a galabaice bayan doguwar tafiya. Manyan dish masu raga, na zangon C mai mita gigahaz 3.4 zuwa 4.2, igiyarsu ta ninka waccan tsawo kusan sau uku, shi ya sa ruwa bai cika taɓa su ba. Tun da aka koma tsarin dijital kuma, hoto ya daina dusashewa sannu a hankali irin na da, domin dikoda tana gyara kurakuran sigina da kanta har zuwa wata iyaka, da an ƙetare iyakar sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, sannan komai ya ɗauke. Wannan ɗaukewa ta farat ɗaya ita take sa mutane su zaci wani hannu ne ya latsa wani abu.

Hujjar da masu zargi suka fi taƙama da ita ita ce, sau da yawa hoto yana tafiya tun kafin ɗigo ɗaya ya sauka a tsakar gida. Amsar tana cikin abin da kowane manomi ya sani, cewa hadarin damina a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa. Dish ɗin da aka saita a Kano kan tauraron digiri 36 yana duban gabas ne ya ɗan karkata kudu, a tsayin kusan digiri 55 daga ƙasa, wato yana fuskantar kusurwar da hadarin yake fitowa, saboda haka siginar tana ratsa ruwan da ke zuba a tazarar 'yan kilomita tun bai iso unguwar ba. Wanda yake kan Nilesat, mai duban kudu maso yamma, nasa hoton yakan jinkirta tafiya, ya kuma jinkirta dawowa. Akwai ma ranar da sama take fes amma hoto ya ɓace, ko dai domin ruwa ya rufe tashar da ke harba shirye-shiryen can inda take, ko kuma domin rana ta zo daidai bayan tauraron, hayaniyar igiyoyin da take fitarwa ta danne siginar. Wannan na biyun yana aukuwa sau biyu a shekara, cikin Maris da kuma ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, na 'yan mintoci a yini har tsawon 'yan kwanaki, da hantsi ga masu duban gabas, wajen azahar ga masu Nilesat. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da juya dish yake magancewa.

Hasali ma juyawar ce take mayar da matsalar minti goma ta zama ta kwana da kwanaki. Dish mai faɗin santimita 60 abin da yake gani a sama bai wuce digiri uku ba, mai santimita 90 kuwa digiri biyu, don haka gocewar da ido ba zai lura da ita ba ta isa ta ɓatar da tauraron, kuma wanda ya kwance noti a lokacin da babu sigina ba shi da ma'aunin da zai mayar da faifan inda yake. Ruwa zai ɗauke, maƙwabta su ci gaba da kallo, shi kuwa sai ya nemo mai gyara ya biya. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Jiƙaƙƙen rufin kwano santsi gare shi, wayoyin lantarki a unguwanni da yawa dab da rufi suke ratsawa, kuma ƙarfen da ke saman gini ba abin riƙewa ba ne ana tsawa. Uban da ya tura ɗansa can don kada a rasa ƙarshen wasan ƙwallo, ya kamata ya fara tanadin abin da zai gaya wa uwar yaron. Abin yi da zarar hadari ya taso shi ne a kashe dikoda, a zare ta daga soket, a kwance wayar dish daga bayanta tun tsawa ba ta matso ba, domin aradun da ta faɗi nesa ma tana iya turo wuta ta cikin waya ta ƙone dikoda da talabijin.

Ba kowace ɗaukewar hoto ce daga sama ba. Gidan da hotonsa yake tafiya da ɗan yayyafi alhali na maƙwabta yana nan, yana da matsala ta gaske, ruwan tona ta kawai ya yi. A nan ma dikoda ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga, domin ita tana ɗaki cikin inuwa, sauran kayan kuwa suna waje rana da ruwa da iska suna cinsu shekara da shekaru. Bincike yana farawa ne daga shafin sigina a cikin saitin dikoda, inda ake ganin ma'auni biyu: ƙarfi, wanda galibi yake nuna cewa LNB tana samun wuta kuma waya a haɗe take, da inganci, wanda yake nuna ko abin da ake karɓa daga tauraron da ake nema ya fito kuma dikoda tana iya karanta shi. Idan duka biyun sifili ne, sai a dubi waya da mahaɗanta da LNB. Idan akwai ƙarfi babu inganci, to dish ya goce, ko wani abu ya tare shi, ko an taɓa saiti. Idan kuma ingancin yana nan amma ƙasa-ƙasa alhali sama garau take, to babu rarar da za ta jure hadari.

Kafin a taɓa waya sai an kashe dikoda, domin ita ce take tura wa LNB wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta cikin wayar, kuma siririn gashi ɗaya na ragar ƙarfen da ke lulluɓe cikin wayar in ya taɓa tsinken tagulla na tsakiya ya isa ya kashe sigina, wani lokaci har ya lalata dikodar. A kwance mahaɗin da ke jikin LNB a duba, idan tagullar ta yi baƙi ko kore, ko ragar ta zama gari, ruwa ne ya shiga, sai a yanke wayar har inda take da haske a sa sabon mahaɗi, a naɗe shi da tef ɗin roba mai manne wa kansa, tunda salatef na lantarki rana ɓanɓare shi take yi. A bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, domin ruwa ya ɗige a nan maimakon ya bi ta har bayan dikoda. Murɗe guntayen waya biyu da hannu, kamar yadda ake yi wa wayar fitila, mummunar ɗabi'a ce da ta yi yawa. Wayar dish, irin wadda ake kira RG6, da mahaɗinta ake haɗa ta ko a sauya ta ɗungurum, kuma wanda ya sayi mai siririyar raga don sauƙin kuɗi zai gane cewa araha ba ta ado. A dubi murfin robar da ke fuskar LNB, wanda rana take busarwa har ya tsage ruwa da ƙwari su shiga. A taɓa sandar dish a hankali, in tana motsi to iskar farkon damina ta sassauta notuna, ko bangon da aka kafa ta ya zaizaye. A kuma ɗaga kai a dubi darbejiyar da ta girma bayan an kafa dish, ko benen da maƙwabci ya tayar, tare da sanin cewa dish mai hannu daga ƙasa yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da wani abu.

Idan rabin tashoshi ne suka ɓace rabi suna nan, alamar tana nuni ga wutar nan ta 13 da 18, domin ɗaya tana zaɓo igiyar da ke zuwa a tsaye, ɗayar kuma wadda ke zuwa a kwance, saboda haka doguwar waya marar kyau ko LNB mai shirin mutuwa tana iya ɗauke ɓangare guda. Haka ma idan an sauya lambobin saitin LNB, waɗanda ga yawancin ƙananan dish 9750 da 10600 ne. Wanda ya gaji da hadari kuwa, maganinsa faifai mai faɗi, domin na santimita 90 ya ninka na 60 fili sau biyu da kwata. Ƙarancin wutar lantarki, da sauya mita da tasha takan yi, da kutsen siginar wayar salula ta 5G a zangon C, duk su ma suna iya ɗauke hoto. Ƙurar hunturu dai tasirinta kaɗan ne.

A Turai da Amurka da Ostireliya, inda mutane da yawa suke yawon hutu cikin motar da aka ƙera da gado da madafi da banɗaki, ƙa'idar ba ta sauya ba, sai dai abin da mai gida yake yi sau ɗaya, matafiyi yana sake shi a kowane zango. A arewacin Turai tauraro ƙasa-ƙasa yake: daga Landan, tauraron Astra na digiri 28.2 gabas, mai ɗauke da tashoshin Birtaniya, tsayinsa kusan digiri 25 ne kawai, saboda haka bishiya mai tsayin mita goma sai an ba ta tazarar fiye da mita ashirin, kuma inuwar da matafiyi ya nema ya faka ita ce takan tare masa sigina. Motar da ba ta tsaya daidai ba tana rikita dish mai neman tauraro da kansa, ƙarfen jikinta yana karkatar da allurar kamfas, batir mai bolt 12 da ya yi sanyi yana sa injin juya dish ya tsaya a hanya ko dikoda ta riƙa mutuwa tana tashi, dish ɗin da ke cikin ƙoƙon roba a kan rufi kuwa ƙarami ne, raɓa ma tana rage masa. Sannan kowane tauraro yana da iyakar yankin da yake haskawa: siginar tashoshin kyauta na Birtaniya an matse ta a kan tsibiran ƙasar, tana raguwa yayin da aka nausa kudancin Faransa, a yawancin Sifen kuma ƙaramin dish ba ya kama ta komai ƙwarewar mai saitawa. Bayan doguwar tafiya sai an ɗan murɗa LNB a cikin zobenta ta dace da sabon wurin, kuma ba a tayar da mota sai an tabbatar faifan ya kwanta.

Ga mai gida, ranar da ake kafa dish ita ce ranar da ya kamata ya tsaya a kan aikin. Ya nemi mai haɗawa ya yi amfani da na'urar awon sigina, ya ɗaure notuna sosai, ya naɗe mahaɗi, ya nuna masa lambar inganci a allo lokacin da sama take garau, shi kuma ya rubuta ta tare da sunan tauraro da saitin LNB ya ajiye kusa da dikoda, a kuma sa alamar fenti a inda faifan ya haɗu da sandarsa. Duk ranar da hoto ya yi gardama, a fara kwatanta lambar ranar da wadda aka rubuta kafin a kira kowa, kuma kada a biya kuɗin sabuwar dikoda sai an gwada tsohuwar a wayar maƙwabci mai irin tauraron ta ƙi aiki.