Mashayar Ƙauyen Ingila da Ruɗin Cewa Wuta Tana Cinye Barasa

Akwai wata magana da take yawo a bakin wasu ɗalibai da ma'aikatan jinya Hausawa mazauna Ingila, wai duk abincin da aka dafa da giya ba shi da matsala, domin da zarar tukunya ta tafasa barasar ta bi tururi ta tafi. Inda maganar ta fi yin ɓarna shi ne gidajen da Turawa suke kira gastirofob, wato mashayar gargajiya wadda ta mayar da hankali ga girki mai kyau, sau da yawa kuma tana da ɗakunan kwana a saman bene. Salon ya yi suna ne daga 1991, lokacin da David Eyre da Mike Belben suka karɓi mashayar The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan, daga bisani ya bazu cikin karkara, har The Hand and Flowers ta Tom Kerridge a garin Marlow ta zama mashaya ta farko da ta sami taurari biyu na Michelin, lambar yabon da ake bai wa gidajen abinci. A ƙauyuka da dama babu wani wurin cin abinci ko masauki sai irin wannan gida, don haka matafiyi yakan tsinci kansa a ciki ko bai so ba.

Abin alfaharin gidan shi ne giyar ganga, wadda ake yi da sha'ir, a zuba ta a ganga da yis ɗinta a raye, ta ci gaba da tsima a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sannan a zuƙo ta da famfon hannu. Domin kare ta aka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971, kuma barasar da ke cikin giyar takan kai kashi 4 cikin ɗari ko fiye. Mai girki yakan zuba wannan giya a dahuwar naman shanun da ake lulluɓewa da kwaɓin fulawa a gasa, yakan kuma dama ƙullun da ake tsoma kifi a ciki da ita kafin a soya.

Tushen ruɗin shi ne barasa tana tafasa a kan digiri 78 na ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa sai ya kai 100, sai mutane suka ɗauka cewa ita za ta riga ficewa ta bar ruwan. Gaskiyar lamari ita ce idan biyun suka gauraya, tare suke fita cikin tururi sannu a hankali, kuma muddin da sauran romo a tukunya to da sauran barasa. Binciken da masana a jami'o'in Idaho da Jihar Washington suka yi tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda aka buga a 1992, ya auna abin da yake saura bayan girki, kuma jadawalin ma'aikatar ya nuna cewa bayan minti 15 na dahuwa kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, ko bayan awa biyu da rabi ma kashi 5 bai tafi ba. Abincin da ake cinna wa wuta a gaban baƙo, harshen wutar ya tashi shuɗi a yi ta tafi, shi ma yana riƙe kashi 75. Murfi da ƙanƙantar bakin tukunya suna ƙara tsare ta, kayan zaƙin da aka jiƙa da giya ba a ɗora a wuta ba kuwa mafi yawan barasarsu tana nan. Abin takaici shi ne mutumin da zai tsaya a kanti yana karanta bayan kwalin biskit layi-layi, shi ne kuma zai cinye farantin naman da ya sha giya saboda wani aboki ya ce masa ai ta ƙone, ya kuma koya wa sabon zuwa haka.

Kunyar tambaya da gudun kada a ce mutum baƙauye ne su ma suna taimaka wa ruɗin.

Wajibi ne baƙo ya san cewa dokar Birtaniya ta tilasta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma barasa da naman alade ba sa cikinsu, saboda haka shirun takardar abinci ba hujja ba ne. Ya kira gidan a waya tun kafin ya kama ɗaki, ya faɗi abin da ba ya ci, domin masu girkin nan galibi da hannunsu suke haɗa abincin kuma sun saba da irin wannan buƙata. Idan ya zauna, ya tambaya ko da giya aka dama ƙullun kifin, ko an sa jar giya a romon gasasshen naman ranar Lahadi, ko da kitsen dabba aka soya dankalin. Kifi gasasshe ko abincin ganye sun fi sauƙin tantancewa, tunda naman ba lalle ne yankan Musulmi ba. Karin kumallon da ake haɗawa da kuɗin ɗaki yakan zo da naman alade da wani baƙin yanki zagayayye da aka yi da jini da kitse da hatsi, don haka ya nemi dafaffen ƙwai da burodi. Ruwan tufa da ake kira saida giya ce, haka ma shandi, wanda giya ce aka sirka da lemo, ruwan famfo kuwa kyauta ne bisa doka a kowace mashaya a Ingila. Wanda yake gudun kare ya nemi teburi a ɗakin cin abinci, domin galibi ana barin karnuka a ɓangaren shaye-shaye.

Hukuncin zama a irin wannan wuri da na cin abin da ɗigon barasa ya taɓa yana hannun malamai, amma fatawa ba ta tsayuwa a kan labarin ƙarya, kuma wanda ya je wa malami da cewa wuta ta cinye komai ya yaudari kansa ya kuma yaudari malamin.