Yis ɗin da ke kumbura burodinmu, da sirrin da masana suka karanta a cikinsa

Daga gidajen burodin Karu da Nyanya zuwa wurin masu suyar waina a kasuwar Wuse, kowace safiya Abuja tana karin kumallo da aikin wata halitta da ido ba ya gani. Yis, wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae, ɗan ƙwaya ɗaya ne daga dangin naman gwari. Yana cin sukarin da ke cikin ƙullu, ya saki iskar da ke sa shi ya tashi.

A watan Afrilun 1996 aka kammala karanta ɗaukacin kundin gadonsa, wato jerin sinadaran DNA da ke tsara yadda yake rayuwa. Farfesa André Goffeau na Jami'ar Louvain da ke Beljiyam ne ya jagoranci ɓangaren Turai na aikin, wanda ya haɗa masana sama da 600 daga Turai da Amurka da Kanada da Japan. Sun gano cewa kundin yana da haruffa kimanin miliyan 12, a ɗaure cikin ƙulli 16, ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 6,000. Shi ne halitta ta farko da aka karanta kundinta kaf a cikin masu ƙwayar rai mai cibiya, rukunin da ya haɗa da tsirrai da dabbobi da ɗan Adam.

Wannan dangantaka ita ce ta ba aikin daraja. A 2015, masana a Jami'ar Texas da ke Austin sun ɗauki ƙwayoyin gado 414 waɗanda yis ba ya rayuwa sai da su, suka musanya su ɗaya bayan ɗaya da takwarorinsu na mutum. Kusan rabi sun yi aiki, yis ɗin ya ci gaba da rayuwa.

Amfanin ya daɗe da isowa asibitocinmu. A cikin yis ake haɗa sinadarin rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, haka ma wani kaso mai yawa na insulin da masu ciwon suga ke amfani da shi. A 2013 kuma kamfanin Sanofi ya fara sarrafa artemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadarin da wani yis da aka gyara wa gado ke fitarwa.

Sai dai yis ba iri ɗaya ba ne. A 2018 wata tawaga da masanan Faransa suka jagoranta ta kwatanta kundin samfura 1,011 daga sassan duniya. Binciken ya nuna cewa asalin wannan halitta daga yankin China yake, kuma yis ɗin bammi da na giyar gargajiya a Afirka suna da zuriyarsu ta daban.

A nan ne maganar ta shafi Najeriya. Busasshen yis da ke kantunanmu galibi daga waje yake zuwa, irin su Saf-instant na Faransa da Angel na China, don haka farashinsa yana bin dala, burodi kuma yana bin sa. Alhali a cikin ƙullun masa da gasarar koko da ƙwaryar nono akwai ire-iren yis na gida da suka saba da zafin ƙasar nan. Wanda bai karanta kundinsu ba, ba zai iya tantance na kirki ya raya shi don masana'antu ba.

Akwai kuma ɓangaren haɗari. Candida auris, wani yis da aka fara bayyanawa a Japan a 2009, yana bijire wa magunguna, yana kuma yaɗuwa a ɗakunan jinya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun mafi haɗari. Karanta kundinsa ne ke nuna yadda ya tsallaka daga majinyaci zuwa wani.

Abuja ba ta rasa wurin farawa ba. Babban ɗakin gwaje-gwaje na hukumar NCDC da ke Gaduwa ya karanta kundin ƙwayar korona a lokacin annoba, ga hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa a hanyar filin jirgin sama, ga kuma cibiyar kimiyya ta Sheda a Kwali. Abin da ya rage shi ne kuɗin bincike mai ɗorewa, da ƙudurin tattara samfuran gida a karanta su a gida.