Yadda Kwamfuta Ke Gane Kwanan Wata

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Magatakarda a Ƙauran Namoda zai rubuta 01/10/1996, amma Ba'amurke zai ɗauka 10 ga Janairu ake nufi. A rumbun bayanai kuwa, muddin a matsayin rubutu aka adana shi, kwamfuta daga hagu take kwatantawa, sai ta jera shi gaban 02/01/1990.

Maganin wannan, a manhajar Oracle, shi ne umarnin TO_DATE('01/10/1996','DD/MM/YYYY'), wanda ke fayyace mata rana da wata da shekara. Daga nan tana iya lissafa shekarun ɗalibi, ko ranar rigakafin jariri, ba tare da kure ba. Tsarin ISO 8601 na shekarar 1988, watau 1996-10-01, shi kan kawar da ruɗanin tun daga tushe.