Baƙin Akushi: Na Wuta Ne ko Na Baƙin Mai?

Akushi ya dawo gari, amma ba ta ƙofar da ya fita ba. Langa da samira da kula ne suka kore shi daga ɗakin amarya, yanzu kuma bikin kamu, da ranar al'adu ta makarantu, da Ranar Hausa ta 26 ga Agusta suke nemo shi. A gidajen Ƙofar Kwaya, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, ana sayen sabon akushi ana so ya yi kama da na kaka, baƙi wuluk, da alamar sara a jikinsa. Sai dai da an gama ɗaukar hoto a mayar da shi saman kabad. In maigida ya ce a zuba masa tuwo a ciki, amsar uwargida a shirye take: "Haba Alhaji, wannan baƙin ai dauɗar shekara da shekaru ce. Itace shan miya yake yi, cuta ta samu gida."

Maganar ta yaɗu har an daina tambayar tushenta. Kowa ya ɗauka farin kwanon roba shi ne tsabta, baƙin itace shi ne ƙazanta. Binciken da aka yi bai goyi bayan haka ba.

A shekarar 1994 wasu masana na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, ƙarƙashin Farfesa Dean Cliver, suka wallafa gwajin da suka yi a kan allunan yankan nama. Sun shafa ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da amai, irin su Salmonella, a kan allunan katako da na roba. A kan katakon, cikin 'yan mintuna mafi yawan ƙwayoyin suka ɓace daga saman allon. Busasshen itace yana tsotse danshi zuwa cikin ƙananan kafofinsa, kamar yadda sabon tulu ke shanye ruwan da aka yayyafa masa, kuma ƙwayoyin suna bin ruwan su shige. Can ciki ba sa hayayyafa, ba sa dawowa sama cikin sauƙi, suna mutuwa yayin da itacen ke bushewa. Roba kuwa in sabuwa ce tana wankuwa tas, amma da wuƙa ta yi mata zane sai ƙwayoyin su laɓe a cikin zanen, wankin hannu ya kasa cim musu. Duk wanda ya duba tsohon kwanon robar gidansa a hasken rana zai ga irin wannan zane birjik.

Wannan bai mayar da itace magani ba. Sharaɗin shi ne ya bushe. Akushin da aka jiƙa a baho ya kwana, ko wanda maiƙon miya ya danƙare a tsagarsa, ya rasa wannan kariya.

Baƙin kuwa aikin hannu ne. Masassaƙi yakan sami guntun ɗanya, ya fasa da gatari, ya zauna ya matse shi tsakanin ƙafafunsa yana rarake cikin da gizago, sara bayan sara, yana juya shi yana gwada kaurin bakin da yatsa. In siffa ta fito sai ya babbake saman da wuta ko ya goga masa jan ƙarfe, ya kankare tokar, ya mulke da mai. Abin da ya ƙone ɗan siririn saman itacen ne kawai, mai ya shiga ya toshe kafofin. Amfani na yau da kullum da shafar mai su ne ke ƙara masa ƙyalli a kan lokaci.

A Ingila da Amurka masu yin ƙananan akusa da itacen oak suna neman wannan kamannin tsufa, amma da injin juya katako, irin wanda kafintocinmu ke fitar da ƙafar kujera da shi. Inji yana juya guntun, mai aikin yana kafa masa kaifin ƙarfe, sassaƙen yana tashi zara-zara. Sukan fara da ɗanyen itace, su bar bangon da kauri kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗin akushin, su ajiye shi watanni, sannan su sake ɗora shi su gyara. Dalili kuwa itace ba ya ƙanƙancewa daidai ta kowane gefe. Ta kewayen zoben shekarunsa yana raguwa kusan ninki biyu na yadda yake raguwa daga tsakiya zuwa ɓawo, don haka zagayayyen akushi yakan koma mai siffar ƙwai, in kuma aka gaggauta busar da shi sai ya tsage. Iskar hunturun Katsina tana iya yin wannan ɓarna cikin kwanaki kaɗan. Tsagar nan ita ce ainihin wurin da ragowar tuwo ke maƙalewa, ita ya kamata mai saye ya fi tsoro.

Hanyar da suke baƙanta oak ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Itacen yana cike da tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa. Sukan jiƙa soson ƙarfe a ruwan kal na 'yan kwanaki, su shafa ruwan a jikin akushin, tanin ya haɗu da ƙarfe, launi ya koma toka-toka ko baƙi ana kallo. Abin da ke faruwa ke nan idan baduku ya shafa kuloko a fatar da majemi ya jeme da bagaruwa. Babu fenti a ciki ko ɗigo.

Haɗarin yana wurin mai neman gajeriyar hanya. Tunda kasuwa baƙi take so, kuma babbaka da mulka suna cin lokaci, akwai abubuwa masu arha da ke ba da launin cikin minti biyar: man goge takalmi, fenti, da baƙin man mota, wanda dama kafintoci sun saba shafa wa katakon rufi saboda gara. Baƙin mai yana ɗauke da ragowar ƙonewar fetur da ɓurɓushin ƙarafa, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana jawo kansar fata. Wasu fentin suna da dalma, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can ta fito ne daga duwatsun zinare. Tuwo mai zafi da miya mai mai su ne suka fi iya jawo irin waɗannan abubuwa daga jikin mazubi zuwa ciki.

Ganewa ba ta buƙatar ɗakin gwaji. A shinshina: akushin wuta ƙaurin hayaƙi yake yi, na baƙin mai warin gareji, na man takalmi warin kananzir. A ɗiga mai a farin ƙyalle a goga. Na wuta zai bar ɗan gawayi da farko, wanda ke ƙarewa bayan wanki ɗaya ko biyu, na baƙin mai kuwa ba ya daina ɓata ƙyallen. In saman yana sheƙi kamar gilashi kuma farce yana ɓantare shi, fenti ne, a bar shi a matsayin ado. Akushin da ya tsallake gwajin, a wanke shi da sabulu da an gama ci, a kife a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa shafa masa man kaɗanya. Ɗanyen nama a ba shi mazubinsa daban.

Farin kwanon da ake gudu zuwa gare shi ma yana da tasa matsalar. Da yawa daga cikin farantan nan masu kama da tangaran amma ba sa fashewa da melamin aka yi su. Hukumar auna haɗarin abinci ta Jamus ta yi gargaɗin kada a yi amfani da su a zafin da ya wuce digiri 70, domin sinadaransu suna fara narkewa cikin abinci. A 2013 masu bincike a Taiwan suka ba mutum 12 miyar taliya mai zafi, suka sami melamin ya ƙaru a fitsarinsu idan a kwanon melamin suka sha. Tuwon da aka kwashe daga tukunya ya wuce wannan zafi nesa.

Abin da ke damun mai lura shi ne babu wanda ke tsaye tsakanin masassaƙi da mai ci. Gwamnatin Legas ta haramta kwanukan soso na zuba abinci a Janairun 2024, aka yi ta muhawara a kan roba, amma mazubin itace bai shiga zancen ba. Dillalin da ke yawo da akusa a kai sau da yawa sari ya yi, bai ga yadda aka baƙanta su ba, in aka tambaye shi sai ya ce, "Hajiya, haka na saro su." Duba-garin ƙaramar hukumar Katsina suna iya zama da masassaƙa da kafintoci a yi yarjejeniya guda: akushin abinci wuta da man kaɗanya kawai, na ado a yi masa alama a gindi. Gwajin Wisconsin kuma a kan itatuwan Amurka aka yi shi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana nan kan hanyar Dutsin-ma, kuma maimaita gwajin a kan ɗanya da ƙirya da maɗaci aiki ne da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya kammalawa a zango ɗaya.