Maɓallin kwamfuta mai fuska biyu: ku duba alama kafin ku yi magana

Da yawa cikinku yanzu ta kwamfuta kuke ganawa da ƴan uwa, a yi taron dangi, a tsaida maganar aure ko ta gado. To akwai wani ƙaramin abu da ke iya kunyata mutum: ya ɗauka ya rufe mikro, ya juya ya faɗi abin da ke ransa, ashe kowa na ji.

A gefen allon kowace manhaja akwai jerin maɓallai. Wasunsu kamar makunnin lantarki suke: dannawa ɗaya kunnawa, ta biyu kashewa. Mai haɗa manhajar yakan tanadi hoto biyu ga maɓalli guda. Manhajar tana riƙe da halin da ake ciki, a kunne ko a kashe, kuma duk sanda aka danna sai ta ɗauke hoto ɗaya ta sa ɗayan. A Qt, kayan aikin da aka gina fuskar VLC ta kwamfuta da shi, alama guda tana iya ɗaukar hoton kunne da na kashe tare.

Inda ruɗun yake shi ne, ba magana ɗaya hotunan nan suke faɗa ba.

Wani yana nuna abin da zai faru in kun danna. A VLC, in waƙa ta tsaya za ku ga alama mai kusurwa uku, ma'ana danna ta tashi. In tana tafiya kuwa sai ku ga sanduna biyu a tsaye, ma'ana danna ta dakata.

Wani kuma halin da ake ciki yanzu yake nunawa. A Zoom, in kun ga jan layi ya gitta kan hoton mikro, to a rufe yake, ba mai jin ku. In babu layin, muryarku na fita. Haka ma hoton kyamara.

Akwai na uku, wanda hotonsa ba ya sauyawa, launin bayansa ne ke duhu kamar an lotsa shi. Misali harafin G a Word na Faransanci, mai sa rubutu ya yi kauri.

Mu nan gidan rediyo, abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne: in jar fitila na ci, bakinka na kan iska. Ku ma ku riƙe wannan. Kafin taro ya fara, ku danna maɓallin sau biyu ku ga fuskokinsa duka, sannan ku tambayi ɗan uwa: kana ji na? In za ku yi maganar sirri, ku tabbatar jan layin yana nan. Magana in ta fita, ba maɓallin da ke maido ta.