"Sani" da "iya": ire-iren ilimi a falsafa

A 1912 Bertrand Russell ya bambanta sanin abu ido da ido da saninsa ta hanyar bayani. A 1949 Gilbert Ryle ya nuna cewa gwanintar aiki ma ilimi ce, wadda ba ta tsaya ga sanin magana ba. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Na san Tawa.
(2) Na san cewa Tawa tana cikin Adar.
(3) Na iya saƙa.

Faransanci yana amfani da "connaître" a (1), da "savoir" a (2) da (3). Hausa kuwa ta gama (1) da (2) cikin "sani", ta keɓe "iya", kusan yadda Ryle ya so. Don haka ɗalibin da ya fassara "je sais tisser" da "na san saƙa" ya ɗan kauce, a ganinmu: mutum yakan san saƙa sarai alhali bai taɓa zama a masaƙa ba.