Man kare fuska daga rana: Abin da ya kamata a duba kafin a saya

Galibin masu sayen man kare fata daga rana lambar SPF kaɗai suke dubawa a jikin kwalba. Sai dai lambar rabin labari take bayarwa.

Hasken rana na ɗauke da nau'i biyu masu cutar da fata. UVB shi ne ke ƙona ta, UVA kuma yana ratsawa can ciki, ya jawo tamoji da baƙaƙen tabo. Dukansu suna da hannu a kansar fata. SPF kariya daga UVB kawai yake aunawa: mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari, mai 50 kuma kusan kashi 98. Shi ya sa ake neman rubutun "broad spectrum", alamar cewa man yana tare duka biyun.

Man da ake kira na ma'adini sinadarai biyu ne ginshiƙinsa, waɗanda za a gani a bayan kwalba da sunan "zinc oxide" da "titanium dioxide". Na farkon ya fi tare UVA, kuma su biyun ba su cika sa ƙaiƙayi ko yajin ido ba. Aibinsu shi ne furu-furun da suke bari a baƙar fata. Mai launi yana rage wannan, kuma sinadarin "iron oxide" da ke cikinsa yana tare hasken da ido ke gani, wanda ke ƙara duhun tabo.

Ana shafa wa fuska da wuya tsawon yatsu biyu, a maimaita duk bayan awa biyu idan ana cikin rana, ko bayan gumi da alwala. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma guji wanda ya yi alƙawarin haskaka fata.

Ga zabaya, lamarin ya wuce kwalliya. Fatarsu ba ta da isasshen sinadarin launi da ke ba da kariya, don haka kansar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su a Afirka. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Abin tambayar gwamnatocin jihohi shi ne: yaushe zai isa asibitocinsu a farashin da talaka zai iya?